Zelve: Ƙauyen da Zaizayar Dutse Ta Ba Wa Masauki, Ta Kuma Tashe Shi

A shekarar 1952 gwamnatin Turkiyya ta tashi mutanen wani ƙauye da ake kira Zelve, a yankin Kafadokiya da ke tsakiyar ƙasar, ta mayar da su sabon matsuguni kimanin kilomita 2 daga tsohon. Dalilin tashin shi ne gidajensu sun fara ruftowa a kansu. Gidajen nan kuwa ɗakuna ne da kakannin kakanni suka sassaƙa a cikin dutse, wasu a jikin bangon kwari, wasu a cikin waɗansu dogayen ginshiƙai masu tsini da ke tsaye kamar rumbuna, kowane da baƙin dutse a kansa tamkar ya kifa malafa. Turkawa na kiran irin wannan ginshiƙi peri bajasi, wato bututun hayaƙin aljanu. Wasu a yankin sukan kai tsawon mita 40.

Abin da ya ja hankalina a lamarin Zelve shi ne abu guda ne ya yi aiki uku. Laushin dutsen wurin ne ya sa ruwa ya iya fitar da ginshiƙan, shi ya sa ɗan Adam ya iya shiga cikinsu da gatari ya yi ɗaki, shi ne kuma daga baya ya sa zaman ya gagara.

Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya taɓa ganin ƙaramin samfurin wannan abu ko bai lura ba. Bayan an ɗauke ruwan sama, je ka duba gefen tarin yashin gini ko kusa da inda indararo ke zuba. Za ka ga 'yan tsakuwoyi, kowace tana zaune a kan ɗan siririn ginshiƙin ƙasa da bai kai tsawon yatsa ba. Ɗigon ruwa ya cinye ƙasar da ke kewaye, wadda tsakuwa ta rufe kuma ta tsira. Abin da ruwan dare ɗaya ya yi wa yashi, shi ruwan dubban shekaru ya yi wa dutsen Kafadokiya.

Dutsen da asalinsa toka ne

Sama da shekara miliyan 9 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta suka fara fashewa a tsakiyar Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya. Irin aman da suka yi ya bambanta da narkakken dutsen da ke malala a hankali kamar kunu. Gajimare ne na toka mai tsananin zafi, haɗe da gas da ɓarɓashin dutse mai kama da soso, yana gangarowa da gudu yana cike duk kwarin da ya tarar. Idan ya lafa sai ya kwanta ya zama shimfiɗa. A yi shiru na dubban ɗaruruwan shekaru, tafkuna da rafuka su zuba laka da yashi a kai, sannan wani aman ya sake zuwa. Haka aka jera shimfiɗu kusan goma, wata kan wata, a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 20,000, kusan girman jihar Kano ke nan.

Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna dutsen Erjiyes da ke kusa da birnin Kayseri, mai tsawon mita 3,917, su ce shi ya yi aman. Yana da kwarjinin da za a yarda. Amma masana ilimin duwatsu sun nuna cewa Erjiyes da ɗan'uwansa dutsen Hasan yara ne a kan wannan toka. Bakunan da suka fitar da ita sun daɗe da rugujewa, an binne su a ƙarƙashin abin da suka amayar.

Shimfiɗun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma nan ne tushen labarin. Inda tokar ta sauka da zafi sosai, ɓarɓashinta ya narke ya manne da juna ya zama dutse mai tauri. Inda ta sauka ta ɗan huce, sai ta dunƙule kawai, ta zama dutse mara nauyi mai yawan ƙananan ramuka, wanda yake shan ruwa kamar tubalin da ba a gasa ba, har ana iya kankare shi da wuƙa. Sau da yawa malafar da ke kan ginshiƙi da jikin ginshiƙin duk 'ya'yan toka ne, bambancinsu kawai wani ya gasu fiye da wani. Sannan a lokacin da kowace shimfiɗa ke hucewa ta tsattsage daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda lakar tafki ke yi idan rani ya kama. Waɗannan tsagogi su ne suka zama hanyar ruwa.

Yadda ginshiƙi ke fita daga jikin tudu

Wanda ya ga hoton wurin, ƙasa a bushe, ba itatuwa, dutse a goge, abin da zai fara zuwa masa shi ne aikin iska ne. Mu da muka san hunturu da guguwar farkon damina mun fi kowa saurin faɗin haka. Iska na da ɗan nata, tana share ɓarɓashin da ya riga ya saki. Babban ma'aikacin dai ruwa ne.

Da fari sai da aka sami gangara. Ƙasar Anatoliya ta yi ta ɗagawa sama a hankali, kogin Kizilirmak kuma, wanda ya fi kowane kogi da ke cikin Turkiyya tsawo, ya yi ta nutsawa cikin shimfiɗun tokar a wajen garin Avanos. Duk lokacin da uwar kogi ta yi ƙasa, ƙananan rafukan da ke zuba a cikinta dole su bi ta, su riƙa cin tudu suna komawa baya. Wanda ya ga yadda kwazazzabo ke cin gona daga bakin rafi yana matsowa kowace damina ya san wannan tafiya. Kwaruruka uku na Zelve haka aka haife su.

Ruwan sama a wannan yanki bai wuce kimanin milimita 400 a shekara ba, kusan irin na Damagaram. Yawancinsa a lokacin sanyi da bazararsu yake sauka, wani a matsayin dusar ƙanƙara, rani kuma ya zo a bushe ƙayau. A bazara akwai wani ruwa da mutanen tsakiyar Anatoliya ke kira kirkikindi, ma'ana la'asar arba'in, don yakan taso da yamma kwana bayan kwana, da tsawa, ya zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Irin wannan ruwa a kan ƙasar da ba ciyawar da za ta riƙe ta shi ne mafi iya yanka. Ya faɗa kan shimfiɗa mai tauri, ya nemi tsaga, ya bi ta ya gangara har ya iske mai laushi a ƙasa. Tsagar ta zama 'yar kwata, kwatar ta zama rami. Idan ramuka biyu suka yi tafiya kusa da juna sai su bar siririn bango a tsakani. Tsagogin da suka gitta bangon su ma su buɗe, sai bangon ya yayyanke ya koma jerin ginshiƙai, kowane da guntun shimfiɗar sama a kansa.

Sai kuma sanyi, wanda mu ba mu san shi a wannan siffa ba. Zelve na kan tudu da ya haura mita 1,000 daga teku, kuma a hunturunsu dare kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana ta fito ya narke. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa kwalbar da aka cika aka manta a firiza. A cikin tsagar dutse ma haka yake yi. Ya shiga da rana, ya daskare da dare ya tura gefe da gefe, gobe ya ƙara nutsawa. Dutse mai ramuka kamar na Kafadokiya, wanda ke riƙe ruwa a duk jikinsa, fatarsa kan riƙa ɓarewa sannu a hankali saboda wannan.

Daga nan malafa ke karɓar aiki. Ruwan da ke sauka kai tsaye ba ya taɓa abin da ke ƙarƙashinta, sai dai ya zubo ta gefe ya bi jikin ginshiƙin. Shi ya sa yawancinsu ke da faɗi a gindi su tsuke a sama, kamar an kifa mazurari. A Pashabag, ɗan tafiya kaɗan daga Zelve, akwai waɗanda jiki ɗaya ne amma ya rabu a sama ya ɗauki malafa biyu ko uku, domin tsagogin da suka raba kan ba su riga sun kai gindi ba. Wurin da ya fi rauni shi ne wuya, dab da ƙarƙashin malafa. Yana ta sirancewa har ranar da ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan siffa ta fi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Inda ruwa ya wadata, ciyawa da itatuwa kan rufe ƙasa, danshi kuma ya ruɓar da dutse ta ko'ina, sai tudu ya zama mai kwanciya, ba tsini. Inda kuma babu ruwan sam, ba abin da zai yi yankan. Ana bukatar tsaka-tsaki: ruwa kaɗan mai zuwa da fushi, da dogon rani da zai bar bango a tsaye. Ginshiƙan dutsen yashi na tsaunukan Ennedi a arewa maso gabashin Chadi ma ruwa ne ya yi mafi yawan sassaƙarsu, a zamunan da Sahara ta fi yanzu laima.

A 2015 wasu masana uku, Mehmet Akif Sarikaya da Attila Ciner da Marek Zreda, suka fitar da sakamakon awon saurin wannan zaizaya. Dabarar da suka bi tana da ban sha'awa. Akwai haskoki daga sararin samaniya da ke dukan fuskar dutse dare da rana suna haifar da wani sinadari, kulorin-36, a cikin 'yar fatar sama. Fuskar da ta daɗe a fili tana tara shi da yawa, wadda ake kankarewa da sauri kuma ba ta samun tarawa. Da suka auna, sai suka ga saman tudun da ruwa bai fara yankawa ba yana raguwa da ƙasa da santimita 1 a shekara 1,000. Malafar ginshiƙi tana raguwa da kimanin santimita 3. Amma da zarar malafar ta faɗi, jikin da ya rage a tsirara yana zaizayewa da kimanin santimita 28 a shekara 1,000, kusan ninki goma ke nan.

Wannan lissafi ya sauya mini yadda nake kallon hotunan wurin. Ginshiƙin da ake gani a tsaye ragowar tudu ne da ake kan rushewa, malafa ce ta jinkirta masa. A kwari ɗaya za ka iya ganin duk matakan rayuwarsa a jere: can sama waɗanda kawunansu ke fara ɓullowa daga jikin tudu, a tsakiya cikakku masu malafa, a ƙasa waɗanda suka rasa ta suka yi tsini, sannan 'yan tulluwa da suka kusa bajewa.

Mutane a cikin dutse

Dutsen da ake kankarewa da wuƙa kyauta ce ga mutanen ƙasar da katako ya yi wa ƙaranci. Yana da taushi idan aka fara sara, fuskarsa kuma ta ɗan taurare bayan ta sha iska. Ɗakin da aka haƙa a ciki yana da sanyi da rani, da ɗumi da hunturu. Idan iyali sun ƙaru, maigida ya ɗauki gatari ya ƙara ɗaki ta ciki. Har yau a garin Ortahisar ana ajiye lemon tsami da ake kawowa daga gaɓar Bahar Rum a cikin irin waɗannan ɗakuna na dutse, ya yi watanni bai lalace ba.

Daga ƙarni na 9 zuwa na 13 Zelve matattarar ruhubanawa Kiristoci ce, masu barin duniya su keɓe don ibada. Sun sassaƙa majami'u, biyu daga cikinsu ana kiransu da sunan zanen da ke jikinsu, ta inabi da ta kifi. A Pashabag wasu sun haƙa ɗakin kaɗaici a can saman ginshiƙi, inda sai an hau ta 'yan ramukan sa ƙafa. Bayan zamaninsu wurin ya zama ƙauye sosai. Akwai wurin niƙa da babban dutsen da dabba ke juyawa, akwai matsar inabi, akwai hanyar ƙarƙashin dutse da ta haɗa kwari da kwari. Can sama a jikin bango akwai ɗakunan tantabaru masu ƙananan ƙofofi, domin ƙasar toka tana son taki, kashin tantabara kuwa shi ke ciyar da gonakin inabi. Akwai kuma masallaci da aka sassaƙa mihrabinsa a jikin dutse, da 'yar hasumiya mai ginshiƙai huɗu da kai mai tsini.

Musulmi da Kirista sun zauna tare a wurin har zuwa 1924. A Janairun 1923 aka sa hannu a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan kan yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka, wadda ta sa Kiristocin Kafadokiya suka bar ƙasar kakanninsu, da yawansu ma Turkanci ne harshensu. Waɗanda suka rage a Zelve ba su ƙara cika shekara 30 ba su ma suka fita.

Abin da ya faru da gidajen ba ɓoyayye ba ne idan aka haɗa shi da abin da ya gabata. Kowane ɗaki da aka haƙa ya rage naman da ke ɗauke da nauyin sama. Zuriya bayan zuriya ana ƙara ɗaki, ana huda taga, ana fasa hanya zuwa ɗakin maƙwabci, har wasu bangayen suka zama kamar saƙar zuma. Ta waje kuma ruwa da sanyi ba su huta ba. Mu ɗauki lissafin nan na santimita 28: daga zamanin ruhubanawa zuwa 1952 kimanin shekara 1,000 ne, wato fuskar dutsen da ba ta da kariya za ta iya rasa abin da ya ɗara taƙi guda. Ga bangon ɗaki da tun farko ba a bar masa kauri sosai ba, wannan babban rashi ne. Ta ƙasa ma akwai ɓarna. Dutsen na tsotsar danshi daga gindi, ruwan ya bushe ya bar gishiri a cikin ramukansa, gishirin ya riƙa marmashe shi, daidai yadda gindin katangar ƙasa ke cinyewa a unguwannin da ke da laima. Dutsen toka kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa ƙwarai.

Kuma dutse ba ya zubewa daidai da lissafin shekara-shekara. Tsaga kan yi shekara ɗari tana buɗewa ba wanda ya kula, sai rana ɗaya bayan narkewar ƙanƙara fuskar bango gaba ɗaya ta ɓalle. Shi ya sa a Zelve ake ganin ɗakuna a buɗe ta gaba kamar an yanka kabewa, ga alkuki a bango, ga matakala da ba ta kai ko'ina, gaban gidan yana kwance a ƙasa guntu-guntu. Maƙwabciyarta Cavushin ta ga irin wannan a shekarun 1960, lokacin da ruftawar dutse ta sa aka bar tsohon ƙauyen aka sauko fili.

Ina ganin tashin da aka yi wa mutanen Zelve daidai ne, duk da cewa raba mutum da ɗakin da aka haifi kakansa ba ƙaramin abu ba ne. Ba wata dabarar gini a wancan lokaci, ko a yanzu ma, da za ta riƙe kwari uku na dutsen da aka rarake. Sabon ƙauyen ana ce masa Aktepe ko Yeni Zelve, wato Sabuwar Zelve. A 1967 aka mayar da tsohon wurin gidan tarihi na fili, a 1985 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin garin Goreme da ke kusa da Zelve da wuraren dutse na Kafadokiya cikin jerin kayan gadon duniya.

Abin da za a iya riƙewa

Yau miliyoyin baƙi ke zuwa Kafadokiya a shekara. Da asuba balan-balan masu ɗaukar mutane sukan cika sama, da rana motoci da babura masu ƙafa huɗu su cika ƙasa. An mayar da tsofaffin ɗakunan dutse da yawa otal-otal, da famfo da bandaki da wurin wanka, a cikin dutsen da babban maƙiyinsa danshi ne. Tayar babur idan ta yi sawu a gangara, ruwan bazara ya sami sabuwar kwata. A 2019 majalisar Turkiyya ta yi doka ta kafa hukuma guda mai kula da yankin baki ɗaya, a shekarar ne kuma aka rushe wasu gine-gine da aka yi dab da ginshiƙan.

Masu gyaran kayan tarihi sun koyi darasin da maginanmu suka sani. Siminti a kan dutse mai shan ruwa yana kulle danshi a ciki, ya kawo nasa gishirin, daga baya ya ɓamɓare ya tafi da fatar dutsen, kamar yadda yake yi wa katangar ƙasa. Don haka inda ake son ceton wata majami'a mai zane, sai a cike tsagogi da kwaɓin farar ƙasa da garin dutsen wurin, a gyara hanyar da ruwa zai bi ya sauka nesa da gindi. Ko gansakukar da ke manne a jikin dutse ba a cika son kankare ta ba, don tana rage dukan ruwa. Wannan duk jinkiri ake saye, kuma ya cancanci a saya saboda zanen da hannun mutum ya yi shekara 1,000 da suka wuce, wanda idan ya tafi ba mai mayar da shi.

Su ginshiƙan kansu lamarinsu daban ne. A ganina kuskure ne a yi ƙoƙarin daskarar da su da ƙarfe da kankare don hoto ya ci gaba da kyau. Abin da ke hannun mutane shi ne kada su ƙara wa ruwa gudu: a hana haƙa sabo a jikinsu, a nisanta manyan motoci, a kula da inda ruwan otal ke tsiyaya. A Zelve an riga an killace sassan da suka fi haɗari, baƙo na tsayawa daga bayan shinge ya hango ɗakunan da ba mai sake shiga. Masallacin na nan da 'yar hasumiyarsa. Can ƙarshen kwarin kuma, inda rafi ke ci gaba da cin tudu, akwai kawunan dutse da suka fara rabuwa da bango, wuyansu bai riga ya fito ba.